Na Shiga Kulob Ɗin Masu Kaifin Ƙwaƙwalwa Da Takardar Takwarata

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar shafin nan. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, domin duk abin da za ku ce na riga na faɗa wa kaina. Kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata tara a garin Greensboro na Amurka, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin babana, wata huɗu na ba ta. Shekarar da kakarmu ta rasu aka haife mu, aka sa mana sunanta mu biyu. Kun san ba a kiran sunan uwa gatsal a gida, sai ake ce mini Ummi, ita kuma Mami. Da aka tashi yi mana fasfo, kawunmu ya sa sunan kakanmu namiji a matsayin sunan dangi, ranar haihuwa kuwa tun da ba wanda ya rubuta, aka buga mana ɗaya ga Janairu kamar kowa. A gida mu biyu ne, a takarda mutum ɗaya ne. Mami ta yi karatu mai zurfi, yanzu tana aikin haɗa magunguna a garin nan. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, alhali wallahi ni nake zuwa ta ɗaya.

A unguwar Irving Park nake kula da wani tsoho, matarsa wata Baturiya ce da zan kira Madam. Kullum tana fama da wasan lissafin nan na jarida, ni kuma in na zo wucewa da tire sai in ce mata bakwai ce a nan, ba huɗu ba. Ran nan ta cire tabarau ta ce, "Ke, me kike yi da ƙwaƙwalwar nan?" Ta ba ni labarin kulob ɗinsu na masu kaifin basira, ita ce ma mai karɓar sababbin shiga a garin nan. Hanyar shiga biyu ce: ko ka zauna jarabawarsu, ko ka aika sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa da ka taɓa yi a wani wuri. Anti, kin san yadda ake yi mana a ƙasar nan? Da an ji harshenka sai a fara yi maka magana a hankali, da ƙarfi, kamar kurma. Shekara tara ana yi mini haka. Ranar da matar nan ta yabe ni, a mota na zauna na yi kuka.

Na je wani gari na zauna jarabawar a ɓoye, na faɗi. Rabin lokacin ya tafi ina juya Turancin zuwa Faransanci a kaina. Madam kuma kullum, "Yaya dai, kin yi?" Na rasa bakin da zan ce mata na faɗi. Sai na tuna lokacin da Mami ta zo ƙasar nan a gidana ta sauka, dosiyen takardunta na nan cikin akwatina, har da kwafin gwajin da wata likita ta yi mata a jami'a. Sunana ne a jiki, ranar haihuwata ce a jiki. Na ce a raina wa na cuta? Ba kuɗi ba ne, ba biza ba ce, ita ma ta manta da takardar. Na aika. Sati uku sai ga katina.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban taɓa jin daɗin wani abu a Amurka kamar shekarar nan ba. Duk wata muna haɗuwa a wani gidan abinci a titin Gate City Boulevard, a yi wasanni, a yi musu a kan komai. Ana bari in kai ƙarshen maganata! Wani tsohon injiniya sau uku ina lallasa shi a dara irin tasu, har yana cewa a raba shi da ni. Ina kai musu dambun nama suna wawaso. To in ni daƙiƙiya ce, yaya aka yi nake cinye su? Da wannan tambayar nake lallashin kaina, amma na san ba ita ce maganar ba.

Ranar Lahadi Mami ta shigo gidana ko mayafi ba ta cire ba, ta miƙo mini waya. Ashe kaɗaici ya dame ta, ta ga kulob ɗin a intanet, ta aika takardarta ta asali. Sun amsa mata cewa wannan sakamakon na wata mamba ce da ta riga ta shiga, ta zo ta yi bayanin inda ta samo shi. Ta ce, "Yaya Ummi, ni ake kira ɓarauniya? In wani na yawo da takarduna, lasisin aikina fa? In maganar nan ta kai wurin aiki na shiga uku." Na ce, "Subhanallahi, wa zai yi miki haka?" Ni na faɗi haka, da bakina, ina zuba mata shayi.

Sai ta ce, "Duk duniya ke kaɗai ce mai irin sunana. Ke kuwa me zai kai ki irin wurin nan?" Ta yi 'yar dariya tana share hawaye. Wallahi maimakon kunya, haushi na fara ji. Me zai kai ni? Wato ita ma haka take kallona? Na buɗe baki zan ce mata ai shekarata guda a ciki, sai na tuna da takardar wa na shiga, na miƙa mata shayin.

Litinin da na je aiki, Madam ta riƙe hannuna ta ce wata na ƙoƙarin amfani da takardata, kada in damu, duk suna bayana, in ta kama ma za su kai ƙara. Ta ce in zo ranar Asabar da katin shaidata, an kira waccan ma. Matar da ta ba ni makullin gidanta da amanar mijinta, na kasa ko kallon idonta. Kafin in isa gida Mami ta kira: "Yaya, Asabar ƙarfe biyu, ki raka ni. Ke ce babba, kuma kin san ba na iya magana in raina ya ɓaci. Ki faɗa musu kin san ni tun muna goye, ban taɓa ɗaukar abin wani ba."

Na ce to.

Tun daga nan nake kai-kawo. In na faɗa wa Madam, aikina ya tafi, wa zai bar maƙaryaciya da mara lafiyarsa? In na yi shiru na ƙi zuwa, su Madam ni za su gaskata, ƙanwata ta kwashi sunan sata a kan abin da ta samu da ƙwaƙwalwarta. Wani lokacin kuma sai in ce anya Mami ba ta gane ba? Yarinyar da ta ci gwajin nan? Ko so take in faɗa da bakina, shi ya sa ta ce in raka ta? Sau uku ina ɗaukar waya in kira ta, sai in ɓuge da tambayarta ko ta ci abinci.

Kulob ɗin na haƙura da shi, Allah ya sani. Mami ce ba zan iya rasawa ba, duk ƙasar nan ba ni da jini sai ita. Yau Alhamis. Jibi za ta shigo motata, mu shiga ɗakin da kowa zai taso ya rungume ni ya kira ni da sunanta. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?