Izinin Ganin Inna

Zuwa ga Yaya Binta, Yakasai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yata Halima.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A wannan sashe na asibiti, inda ake kwantar da masu shaye-shaye, ba a barin kowa da waya. Malama Sa'adiyya ta ofishin jin daɗin jama'a ce ta kawo mini biro, ita kuma za ta miƙo miki wannan.

Yaya, ina jin haushinki, gara in faɗa. Da jami'an yaƙi da ƙwaya suka kama ni a kemis ɗin nan na wajen Ƙofar Na'isa, ke aka kira. Da suka ce ko kotu ko asibiti, ko kallona ba ki yi ba kika ce asibiti. Ga ni nan an haɗa ni da masu shan kodin. Ni fa mara lafiya ce. Kin san sikila, ke kike goya ni zuwa asibiti tun muna yara. Allurar nan ta kashe raɗaɗi likita ne ya fara yi mini ita, lokacin da ciwon ya tashi bayan rasuwar mijina Mikail. An sallame ni, ni kuma na kasa dainawa. Ke nan.

Jikina kamar ana sara ƙashin da gatari. Ga amai, ga gumi, abinci ba ya zama.

Me kuka faɗa wa Halima? Don Allah kada ku ce kama ni aka yi. Ki duba takalminta na makaranta, ya matse ta, ba za ta faɗa ba. Inna ta yi fushi da ni?

Wassalam. Ƙanwarki,
Bahijja

*

Zuwa ga Bahijja.

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarki, muna nan da godiyar Allah.

Haushina kike ji? To ki ji. Gara ki ji haushina kina raye.

Tunda mantuwa gare ki, bari in tuna miki. Ranar da kika faɗi a banɗaki da allura a cinya, Halima ce ta fara ganinki. Yarinya 'yar shekara bakwai ta ruga gidan maƙwabcinmu Malam Salihu ba takalmi, tana ihun Ummanta ta mutu. Tun daga nan ta rage magana. Shugabar makarantarsu ta kira ni, ta ce sai ta wuni a aji ba ta buɗe baki ba.

Ga wata kuma. Alhaji Ilu, wan marigayi mijinki, ya shigar da ƙara yana so a ba shi Halima. Ya ce gidanmu ba wurin tarbiyya ba ne. Na je kotu, aka ce in kawo bayanin likita. Likita ya ce sai da izinin hukumar da ta kai ki. Hukuma ta ce ita ta riga ta miƙa ki, in koma asibiti. Na rufe keken ɗinkina, kullum ina cikin adaidaita sahu daga wannan ofis zuwa wancan. Babu wanda ya wulaƙanta ni, kowa sai ya ce sannu Hajiya, amma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake yi.

Inna ba ta yi fushi ba. Da ma fushin ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta daina fitowa tsakar gida, hawan jinin ya dawo, ƙafafunta sun kumbura. Ita ta ce a faɗa wa Halima kin tafi neman lafiya, haka muka faɗa mata.

Takalmi na canza. Ki ci abinci ko ba ya miki daɗi.

Yayarki,
Binta

*

Yaya Binta,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ciwona ne ya tashi.

Ya kama ni a ƙirji da baya. Na yi ta kiran nas, suna ganin allura nake wa dabara, domin kowa a nan ya iya irin wannan kukan. Ban ga laifinsu ba sosai, ni ma na sha yi. Sai da Malama Sa'adiyya ta zo ta tarar ina cizon filo. Ta ce, "Wane ne likitanki na jini?" Na faɗa mata. Ashe shi bai ma san ina nan ba, su kuma na nan ba su da tarihin ciwona. Ta kira shi a gabana, ta ce, "Dokta, ba zan kashe wayar nan ba sai ka yi magana da ɗan'uwanka likitan nan." Da la'asar sai ga shi da kansa. Su biyun suka tsaya a kaina suna gardama, daga ƙarshe suka yarda da wani magani da za a riƙa ba ni a hannunsu, da ƙarin ruwa.

Abin da kika rubuta kan Halima na karanta shi sau ɗaya, na kasa maimaitawa. Wallahi ban san ita ta gan ni ba.

Yaya, ina so in ga Inna. Ko a bakin ƙofa ne in tsaya. Ki roƙa mini su.

Bahijja

*

Zuwa ga Hajiya Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne domin abin da aka yanke ya kasance a hannunki a rubuce, tunda jinyar mahaifiyarku ta hana ki halarta.

Mun zauna jiya a zauren mai unguwa. Akwai likitocin Malama Bahijja biyu, da Malam Hashim daga ɓangaren jami'an da suka kawo ta, da shugabar makarantar Halima, da wakilin kotu, da Alhaji Ilu. Wannan ne karo na farko da suka haɗu a wuri ɗaya.

Da farko zaman ya yi zafi. Alhaji Ilu ya ce ba zai bar jinin ƙaninsa a hannun 'yar ƙwaya ba. Sai likitan jini ya yi masa bayanin irin zafin sikila, da yadda allurar take kama mutum ko bai nufa ba. Shugabar makaranta kuma ta ce Halima ta fara ɗan magana, amma idan aka sauya mata gida da makaranta yanzu, tana tsoron a koma gidan jiya. Nan Alhaji ya sassauta. Daga baya ya tambaya ko yarinyar tana cin abinci.

An amince likita ya aika wa kotu bayaninsa kai tsaye, ba sai kin sake zirga-zirga ba. Za a riƙa ganin Halima a ofishinmu tare da mai ba yara shawara. Alhaji Ilu bai janye ƙara ba, amma ya yarda a jira.

Game da roƙon Malama Bahijja, duka ɓangarorin sun ba da izini. Ranar Alhamis mai zuwa za a kawo ta gida ta ga mahaifiyarta, tare da nas guda, ta koma kafin magariba. Na so a ce an yi wannan zama tun da wuri.

Allah ya ba Inna lafiya. Ki huta lafiya.

Sa'adiyya Nura
Ofishin jin daɗin jama'a

*

Bahijja,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na roƙi Malama Sa'adiyya da likita su zauna kusa da ke kafin ki karanta. Da ni zan zo da kaina, amma gida cike yake da mutane.

Inna ta rasu yau Laraba da hantsi. An kai ta bayan azahar.

Ta san za ki zo gobe. Tun shekaranjiya na faɗa mata, ta sa na ciro mata atamfarta mai ruwan ganye, ta ce ba za ki same ta a cikin kayan jinya ba. Da safen nan ta sha koko kaɗan, ta ce in jiƙa tsamiya domin kina son kunu. Ina madafa Halima ta zo ta ce Inna ta yi barci a zaune.

Ta yafe miki, da bakinta ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Ba don in kwantar miki da hankali na rubuta ba, kin san ni.

Malam Hashim ya ce izinin yana nan. Motar za ta zo gobe kamar yadda aka shirya. Ki zo, ƙanwata.

Binta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Na iso lafiya. A gida na kasa yi miki magana, mutane sun yi yawa, ga idanu. Na ga yadda wasu suke kallon hannuwana, na ja mayafi na rufe tabon. Na ji wata tana cewa ni na kashe ta. Ni ma abin da zuciyata take faɗa mini ke nan. Likita ya ce kada in ɗauki wannan kaya ni kaɗai, za mu riƙa zama muna maganarsa.

Zan faɗa miki gaskiya. Da na shiga ɗakin Inna na ga atamfar nan a ninke a kan gado, babu abin da nake so a duniya kamar allurar. Na san lungun da zan bi ta ƙofar baya, na san wanda zai sayar mini. Har na miƙe. Nas ɗin tana waje tana alwala, babu mai tare ni. Sai Halima ta shigo, ta tsaya nesa da ni kamar baƙuwa, ta ce, "Umma, kin samo lafiyar?"

Na ce, "Ban gama samowa ba."

Ta ce, "To ki koma ki samo duka."

Na zauna. Da motar ta zo ni na fara shiga.

Alhaji Ilu ya yi mini gaisuwa a zaure, bai haɗa ido da ni ba, amma ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na faɗa wa Malama Sa'adiyya ta sanar da kotu cewa na yarda Halima ta zauna a hannunki, ko na fito, har sai likitoci da ke kanki kun ce na isa. Ta riƙa zuwa gidan baffanta hutu, haƙƙinsa ne. Wannan maganar ta fi ciwon ƙashi zafi, amma na faɗa da hankalina.

Ki yafe mini takardata ta farko.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Alƙali ya bar mini Halima. Ranar Asabar za mu zo dubiya, Alhaji Ilu ya ce shi zai kawo mu.

An tambaye ni wa za a ba ɗakin Inna. Na share shi, na kulle, na ce yana da mai shi, ke yake jira.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Binta