An Sake Gina Gidanmu

Warsaw, Yuli 1953

Yaya Hipolit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. An buɗe dandalin tsohuwar kasuwa, kuma gidanmu ya sake tsayuwa! Ni ma da hannuna na tsinci bulo cikin kufai, har faratana suka kakkarye. Sai dai wasu aka ba gidan, mu muna ɗaki guda a ƙetaren kogi. Mama ta fara rikicewa. Kullum sai na kai ta dandalin, ta zauna tana duban tagar ɗakinka. Ka zo mana.

Ƙanwarka,
Leokadiya

Landan, Satumba 1953

Leokadiya,

Ina amsawa, a gaishe da Mama. Ke har yanzu ba ki da wuyar ruɗi. Gidanmu ya rushe a kan Baba lokacin yaƙi. Wannan hoto ne kawai suka zana, suka shafa masa fenti. Kuma kin san abin da gwamnati take yi wa soja irina idan ya koma gida daga nan. Abokina Zenon ya koma, har yau ba labarinsa. Ku ƙara haƙuri, abubuwa za su sassauta.

Yayanki,
Hipolit

Warsaw, Mayu 1955

Yaya,

Gaisuwa. Na ji uzurinka, ban ce ƙarya ba ne. Amma ji abin da ya faru ranar Lahadi. Muna fitowa daga coci Mama ta ƙwace hannunta, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu na dā. Wani saurayi dogo ya buɗe, ta rungume shi tana cewa, "Ja'iri, sai yanzu? Dubi yadda ka rame!" Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya girgiza mini kai, ya ce, "Shigo, Mama, miya na kan wuta." Ta ci, ta yi masa faɗan rashin aski. Rabon da in ji dariyarta tun kafin yaƙi. Ni kuwa a matakala na zauna ina kuka, don haushinka nake ji.

Leokadiya

Landan, Afrilu 1957

Ƙanwata,

An fara barin irinmu shiga, na nemi izini. Ki gaya wa Mama ɗanta na gaske yana tafe.

Hipolit

Warsaw, Mayu 1957

Yaya,

Mun binne Mama tun cikin sanyi. Na kasa rubuto maka. Ba ta mutu tana jiranka ba, a saninta ka daɗe da dawowa. Ni ce nake jira. Gaya mini ranar, zan zo tasha.

Leokadiya