Roƙon Sassauci ga Ayaba Uku

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar da ke sauka a kan busasshiyar zuciyata, inuwata a tsakar rana, matata abar alfaharina, jami'ar duba-gari mafi kaifin hanci da Allah ya taɓa halitta,

Tsaya, don girman Allah! Ajiye su. Na san yanzu kika shigo daga aiki, ko takalmi ba ki cire ba hancinki ya ja ki zuwa teburin kicin. Na san hannunki na dama ya riga ya damƙi ayabar nan guda uku, ƙafarki kuma tana kan abin taka murfin kwandon shara. Ɗage ƙafar, masoyiyata. Karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yanke hukunci. Ko a wurin aikinku ai kukan bar mai shago ya faɗi ta bakinsa kafin ku garƙame masa kwaɗo.

Ba zan musa abin da idonki ya gani ba. Gyaran rubutu nake yi a gidan jarida, ban saba barin ƙarya ta wuce ta gabana ba, ko da a wasiƙar soyayya ce. Sun yi baƙi. Sun yi laushi. Ta tsakiyar ma ta fara hawaye ta wajen wuya. Amma gobe ranar aurenmu ke zagayowa, na kuma yi miki alkawarin kek ɗin ayaba mai farin kirim a sama, da hannuna. Waɗannan ukun su kaɗai suka rage mini a duniya. Idan suka shiga kwando yau, babu kek gobe, domin ayaba ba ta nuna da umarni, ko da umarnin daga ofishinku ya fito.

Kin tuna ranar da idona ya fara sauka a kanki, ya furen da ba ya yaushi? Ina zaune a kantin cin abincin ma'aikatanmu, a teburin da ke girgiɗi kusa da taga. A gabana akwai yankan kek ɗin ayaba, kirim ya kwanta a kansa fari ƙal kamar gajimare ya gaji ya sauko hutu. Na soka cokali, na ɗago, na buɗe baki. Sai ga ki kin shigo da farar rigar aiki da safar hannu, kina tafiya kamar hadari ya taso daga gabas. Kika leƙa firjin mai kantin, kika rufe da sauri. Kika juyo, kika zare farantin daga gabana, kika zare cokalin daga hannuna, kika ce, "Malam, rufe bakinka. An rufe wurin nan."

Wayyo! Wace tsawa ce ta taɓa faɗuwa da daɗi haka? Wane kogi ne ya taɓa tafiya da mutum yana murmushi? Na bi ki da ido kina jefa abincin ranata a baƙar leda, na ce a raina, wannan ita ce matar da zan ba amanar rayuwata. Na yi asarar kek, na sami ke. Ban taɓa nadamar wannan musaya ba. Sai dai har yau harshena bai san ɗanɗanon abin da aka ƙwace masa ba, shi ya sa na ƙudura mu ci shi tare, a gidanmu, a kicin ɗin da ke da kanki kika tabbatar da tsabtarsa.

Wurin Yayarki na je koyo, kin sani. Ta zaunar da ni a kan buhun fulawa, ta dubi ayabar da na kawo, rawaya shar, kyakkyawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ƙanina, mayar da wannan ka ba baƙi. Ayabar kek ita ce wadda kake jin kunyar a gan ta a gidanka." Ta ce sai ɓawon ya yi duhu zaƙin ke taruwa, ƙamshin ya fito, naman ya yi taushin da cokali mai yatsu zai dame shi ba gardama. Na ce mata, Yaya, kin fa san wadda nake aure. Ta ce, "Na san ta tun tana rarrafe. Allah ya ba ka sa'a."

Sa'ar ba ta zo ba, ya tauraruwar asubahina. Da farko na ajiye su a fili cikin kwano, kamar mutumin kirki. Ɗigon baƙi na farko yana bayyana suka ɓace. Na yi miki bayani, kika saurare ni da wannan kyakkyawar fuska mai kama da wata daren sha huɗu, kika gyaɗa kai, kika ce kin fahimta. Washegari kika zubar da sababbin. Da na tambaya kika ce, "Wallahi, Mai Jan Biro, ban san na yi ba. Hannuna ne." Na yarda da ke. Ni ma nakan tsinci kaina ina gyara waƙafi a jikin allon asibiti.

Daga nan na shiga ɓoyo. Na sa su a saman firji, bayan tukunyar da ba ma amfani da ita, kika gano. Na sa su a kwalin takalmin bikinmu, kika gano. Na naɗe su a tsohuwar jarida na cusa bayan manyan ƙamus a kan kanta, inda na tabbata babu mahalukin da ke zuwa, sai ƙananan ƙudaje suka yi mini tsegumi. Na kai su but ɗin mota, rana ta dafa su tun ba a kunna obin ba, kika yi mako kina tuƙi da gilashi a sauke, kina aiko mini da kallo. Ya kaifin wannan kallo! Mai sayar da kayan marmari na bakin titi ya gaji da ganina, shekaranjiya ya ja ni gefe ya ce, "Oga, tsakani da Allah, biri kake kiwo?"

Kada ki ce ban gwada bin dokarki ba. Ranar da kika tafi taron ƙara wa juna sani na gasa kek ɗin da ayaba mai lafiya, wadda za ta ci kowace jarrabawa a ofishinku. Abin da ya fito daga obin ya yi kama da kek ta fuska, amma a baki katifa ce. Kuma don ɗoki ban jira ya huce ba na shafa kirim, kirim ɗin ya narke, ya gangara ta gefe, ya taru a faranti kamar tabki. Na kai wa abokan aiki. Editanmu, mutumin da ke iya cin komai idan kyauta ne, ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce a mayar wa marubucin ya sake aiki.

Amma ki dubi gobe da idon zuciya, ya zumar rayuwata! Da hantsi zan ɓare waɗannan bayin Allah uku in dame su a kwano har su zama kamar kunu mai kauri. Zan buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, kamar zuciyata idan na ji ƙarar mukullinki a ƙofa. In fasa ƙwai, in tankaɗe fulawa da bekin foda da ɗan gishiri, in juya a hankali, domin Yaya ta ce kwaɓin kek ba ya son a matsa masa. In zuba a farantin gashi mai kusurwa huɗu, in sa a obin, ƙamshi ya cika gidan nan har maƙwabta su fara neman dalilin gaishe mu. Zan soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito a bushe in sauke. Sannan in zauna in jira ya huce sarai, hannuwana a ƙarƙashin cinya, kamar yadda na jira amsarki lokacin da na nemi aurenki. Sai kirim: bota, garin sukari, ɗan madara, ɗigon filebo. In shafa da bayan cokali, in yanka murabba'i-murabba'i, in ba ki na kusurwa, wanda kirim ya fi taruwa a kansa. Ashe wannan bai isa a ɗaga wa ayaba uku ƙafa na kwana ɗaya ba?

Yau ban ɓoye su ba. Wuraren ɓoyona sun ƙare, kuma na gaji da zama ɗan sumoga a gidana. Ga su a fili, a hannun hukuma. Abu ɗaya nake roƙo, ranki ya daɗe: ki yi musu binciken da kike yi wa kowa. Ɗan tsaga ɓawon ɗaya daga sama, ki duba ciki, ki shinshina. Idan kin ga ruɓa ko fumfuna, zubar da su, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Idan kuwa kin ji zaƙi ya bugi hancinki, ki mayar da su kwano, ki juya musu baya, ki fita daga kicin da sauri kafin hannun nan naki ya farga.

Ni kuma na yi alkawari zan wanke kowane kwano da ruwan zafi. Zan goge fulawar da za ta hau silin, don na san za ta hau. Zan sa hular rufe gashi duk da babu sauran gashin da za a rufe. Idan kuma kika zubar da su duk da haka, sanyin idona, ƙaunata ba za ta ragu da ƙwayar sukari ɗaya ba. Zan koma wurin mai kayan marmari, in jure tambayarsa, in sayo wasu, ki zubar, in sayo, har mu tsufa muna dogara sanda tsakanin kwano da kwandon shara.

Saura magana ɗaya, kuma ina so ki zauna kafin ki karanta ta. Wannan karon huɗu na saya. Ta huɗun na ware ta na ɓoye ta daban saboda tsaro, a wani wuri mai kyau ƙwarai, wurin da na tabbata ba za ki taɓa tunaninsa ba. Ni ma yanzu na kasa tunaninsa. Na duba aljihunan riguna, na duba ƙarƙashin gado, na duba jakar aikina. Abin da kawai na sani shi ne tana cikin gidan nan, kuma lokaci ba ya gefenmu. Kin ga dai yadda rayuwata take idan babu ke. Taimaki mijinki, ki saki hancin nan ya yi aikinsa. Waccan na sallama miki ita, halak malak.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da rana za ta daina fitowa,

Mijinki mai biyayya ga doka,
Mai Jan Biro