Bargon Kan Dutsen Mukosi

Musina, 9 ga Afrilu

Ɗana Rabelani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni dai kalau, sai gwiwa. Wasiƙa na rubuto maka don wayarka ta koyi halin manya, sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Ranar Laraba ina rumfata ina auna wa mutane busasshiyar tsutsar itacen mopane da ake ci a nan, sai ga muryarka a rediyon mai gyaran takalmi. Kana cewa dokar afuwar da majalisa ta yi wa baƙi marasa takardar zama buɗe wa kuraye ƙofar garke ne, a ƙara tsawon shingen waya a kan iyaka, bakin kogin Limpopo, a jona masa wuta. Sarudzai mai tumatir ta zungure ni ta ce, "Tshinakaho, ba ɗanki kansila ba ne wannan? Ashe kura ce ta goya shi, shi ya sa muryar ta yi kauri." Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada in yi kuka a gaban masu saye.

In ka manta, bari in tuna maka. Ubanka Mukosi, ƙanena, ya tsallako kogin nan ya samu takarda a wurin haƙar tagulla. Ni ban taɓa sha'awar ƙasar nan ba. Uwarka ce ta rasu kana shekara biyu, ya aiko mini cewa yaro ya ƙi cin abinci. Na ratsa ruwa har ƙirji, ƙunshina a ka, kada na kallona ina kallonsa. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, in na hango motar 'yan sanda har yanzu sai in sunkuya kamar ina neman allura.

To ga afuwa ta zo, a ƙarshen Yuni za a rufe. Abu ɗaya ya rage mini: takardar rantsuwa daga ɗan uwa na jini wanda yake ɗan ƙasa, ya shaida tsawon zamana a nan. Mukosi ya rasu, kai kaɗai ka rage. Na saka takardar a cikin ambulan ɗin nan, inda na ɗiga alama da jan biro nan za ka sa hannu.

Ka gaida jikokina. Ka huta lafiya.

Gwaggonka,
Tshinakaho

Thohoyandou, 2 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo Tshinakaho,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu.

Gwaggo, ki fahimce ni. Abin da na faɗa a rediyo ba da ke nake ba. A mazaɓata cikin wata uku an kora shanu sittin zuwa tsallaken kogi, an kashe makiyayi ɗaya, ni na je ta'aziyya. A asibitinmu mace sai ta wuni a layi ta koma gida babu magani. Mutane sun gaji, ni suka zaɓa in faɗi gajiyarsu. Ƙasar da ba ta san masu shigarta ba, ba ta da maraba da gidan da babu ƙyaure.

Game da takardar, a halin yanzu ba zan iya ba. Duk wanda ya sa hannu sunansa na shiga rajista, rajistar kuma abokan hamayya na bin ta layi-layi. Zaɓe saura wata huɗu. In suka gano mahaifina daga tsallake yake, na gama yawo. Ki daure ki lallaɓa kamar yadda kika saba. Bayan zaɓe ina da mutane, za a gyara miki komai a cikin sirri.

Sai kuma abin farin ciki. An gama dutsen kabarin Baba, an kafa shi, an lulluɓe shi da bargo. Ranar 20 ga Yuli za a yaye bargon. Kin fi ni sanin cewa ba mai fesa ruwa da baki, ya zuba garin taba a ƙasa, ya kira kakanni ya gaya musu inda ɗansu yake kwance, sai gwaggon gida. Ga hoton dutsen, ga kuma atamfa ki ɗinka.

Naki cikin ladabi,
Kansila R. Nemukula

Musina, 27 ga Yuni

Rabelani,

Ina gaishe ka don ba a bar gaisuwa ba.

"Kansila R. Nemukula." Ni ka rubuta wa haka, ni da na wanke maka kashi da ruwan sanyi. Atamfar ta iso, tana da kyau, na shimfiɗa ta ina shanya tsutsa a kai.

Na sa tabarau na karanta dutsen nan. "An haife shi a Tshipise." Tshipise ta ina, wannan ta ƙasar nan? Mukosi a Lukange aka haife shi, a tsallake, a bukkar da ke gindin kukar nan mai kogo. Ni na riƙe fitila aka yanke cibiyarsa, na san inda aka binne ta. Ƙaryar da kake yi wa masu rai ba ta ishe ka ba, sai ka sassaƙa ta a dutse ka ɗora wa matacce a ka. Kana so in tsuguna da ƙoƙon ruwa in kira iyayenmu in ce ga ɗanku? In sun ce wane ɗa, mu ba mu haifi kowa a Tshipise ba, me zan ce musu?

Shanunku sittin da kake lissafi, ka bincika wa ke sayen naman a wannan gefen. Ɓarawon shanu ba ya bin layin afuwa, Rabelani. Masu bin layin na gan su da idona, don kwana uku na yi ina binsa: tsofaffin da suka tsinke muku lemo har yatsunsu suka kanannaɗe, da matan da suka raini 'ya'yan wasu. Wani ɗan Mozambik a gabana, ɗan ƙanensa direban babbar mota ya bar lodi ya zo ya sa masa hannu. Direba, ba kansila ba.

Da na isa teburin, matar ta rubuta sunana da lambar ɗakina, ta ɗauki hoton yatsuna goma, sannan ta ce ina takardar ɗan uwa. Na ce tana hanya. Ta kalle ni ta ce, "Mama, da kin sani da ba ki zo ba. Da ba mu san da ke ba, yanzu kuwa kina cikin na'ura." Ka ji lallaɓawar da ka ce in yi, ta ƙare. Shekara talatin da ɗaya ina ɓoye, na fito da ƙafata don na ɗauka ina da ɗa.

Saura kwana uku. Daga Thohoyandou zuwa nan tafiyar awa biyu ce a motarka mai sanyi. Raina ya ɓaci da kai fiye da yadda biro zai iya ɗauka, amma har yanzu in mota ta tsaya a bakin kasuwa sai na ɗaga kai.

Ka huta lafiya.

Tshinakaho

Thohoyandou, 14 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙonki. Na ba direban da ke kai kaya tsallake wannan wasiƙa, ya ce ya san Lukange.

Na je Musina ranar Asabar na tarar da kwaɗo a ƙofarki. Sarudzai ta ƙi amsa gaisuwata, sai da na matsa ta ce an kwashe ku a mota an mayar da ku tsallake tun ranar biyar ga wata. Wallahi ban zaci za su yi sauri haka ba. Na je ofis, sun ce an haramta miki shigowa shekara biyar, kuma yanzu ko na sa hannu an rufe.

An riga an sayi san da za a yanka, dangi sun fara sauka, an gayyaci manyan jam'iyya. Na ce wa dattawa a nemi wata tsohuwa ta tsaya a madadinki, suka ce in dai kina numfashi ba mai taɓa bargon nan. Gwaggo, ruwa ya janye a wannan watan. Akwai wani wuri ƙasa da gadar iyaka inda aka yanke wayar shingen, akwai masu tsallakar da mutane, na yi magana da ɗaya. Mota za ta jira ki a wannan gefen. Kwana ɗaya kawai, a mayar da ke. Kada ki kunyata ni, ki dubi Baba.

Ɗanki,
Rabelani

Lukange, 18 ga Yuli

Ɗana,

Na gode da gaisuwa. Na iso lafiya. Ban tarar da kowa namu ba, bukkar ta rushe, kukar ce kawai ta gane ni. Wata mata 'yar coci ta ba ni tabarma.

Ba zan zo ba. Na ji ɗana a rediyo yana cewa duk mai bi ta ƙarƙashin waya ɓarawo ne, ni kuwa ban raini maƙaryaci ba da zan ƙaryata shi.

Jiya da safe na tsuguna a gindin kukar, na fesa ruwa, na zuba taba, na kira iyayenmu. Na gaya musu na dawo. Game da Mukosi na ce musu ban san inda yake ba, amma akwai wani mutumin Tshipise da ke kwance a inda na bar shi.

Ku ci sanku, kada nama ya lalace. Bargon kuwa ka bar shi a kan dutsen, ko ba komai yana rufe rubutun.

Ka gaida jikokina. Allah ya ba da sa'ar zaɓe.

Gwaggonka,
Tshinakaho