Hannuna Yana Motsi a Asibiti, a Gida Ya Ƙi

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zai yarda da ni.

Ni mai kitso ce, shekara ashirin ina sana'ar. Wata bakwai da suka wuce hawan jini ya kayar da ni, hannun dama ya shanye. Yanzu sau biyu a mako ina zuwa gashi. Akwai wata na'ura da ake ɗaura mini daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, a sa mini tabarau mai nuna kofuna a kan tebur, alhali babu komai a teburin. In na yunƙura zan ɗauka, sai na'urar ta ƙarasa da hannun. Ranar farko har kuka na yi.

To, ƙanwata ta ɗauki bidiyo ta tura wa dangi, shi ke nan na shiga uku. Maigidana ya ce tunda ina ɗaukar kofi a asibiti, a gida son jiki ne kawai. Surukata ta zo ta tsefe kanta ta zauna a gabana, wai in gwada. Sau uku mataji yana faɗuwa, ta tashi tana tsaki. Anti, ko maɓallin rigata ba na iya sawa! Wallahi na fara tunanin daina zuwa, na gaji da tabarau mai nuna mini abin da ba ni da shi.

Wadda ta gaji

'Yar'uwa, sannu. Ni na yarda da ke. Na'urar ce ke ɗauke nauyin hannun, a gida kuwa ke kaɗai ce. Amma kada ki daina zuwa, irin wannan jinya da maimaici take tafiya, kuma a hankali.

Danginki sun ga minti ɗaya ne cikin wata bakwai, murna ta ruɗe su. Duk da haka ba su kyauta ba. Ki tafi da maigidanki gashi na gaba, ki roƙi likita ya nuna masa motsin hannun da na'ura, sannan babu ita. Abin da ya gani da ido ba zai musa ba, shi zai tare miki mahaifiyarsa. Ki kuma nemi a ba ki atisayen gida daidai ƙarfinki. Ƙanwarki ta ajiye waya, ta riƙe miki jaka.

Ba ki da laifin da za ki wanke a gaban kowa. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.