Sassaƙen Marken Da Kuka Ɗiba A Gidanmu

Zuwa ga Farfesa, Shugaban Ɗakin Binciken Magungunan Itatuwa, Dutse.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka. Ranka ya daɗe, ina neman afuwa tun kafin in fara. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar na sakandare, daga wani ƙauye a ƙasar Buji, kuma na san ba hurumina ba ne in rubuta wa babba kamarka, balle a buɗaɗɗiyar wasiƙa irin wannan, a bainar jama'a. Na taɓa zuwa har ƙofar ofishinku. Maigadi ya tambaye ni wa nake nema, sai na juya na hau ɗan sahu na koma tasha. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Maganar mahaifiyata ce. Tana da sankarar mama, kuma ta daina zuwa asibiti.

Na farko, ina so in tuna maka da mu, ko ka manta. Bara bayan girbi kun zo ƙauyenmu, kai da ɗalibanka, kuna tambayar itatuwan da tsofaffi ke magani da su. Mai unguwa ya kawo ku wurin mahaifina, domin akwai babban marke a bayan gidanmu, inda almajiransa manya ke zaman karatu da hantsi. Kun sa safar hannu, kun sassaƙi ɓawon, kun zuba a leda kun yi rubutu a jiki. Umma ta yi muku dambun zogale. Ni na kawo tiren. Ka ci sosai, ka ce rabonka da irinsa tun mahaifiyarka na raye. A lokacin Umma ta fara karɓar maganin asibiti a Dutse, wanda ake sa mata ta jijiya. Gashinta ya zube, tana yawan amai, amma ƙullin da ke mamanta ya fara saki. Likita da kansa ya faɗa.

Na biyu, maganar rediyo. Gab da azumi muka ji muryarka a wani shiri na lafiya. Ka ce kun tace ruwan sassaƙen marke, kun zuba a kan ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji, kun ga sun rage yaɗuwa. Ka ce da sauran aiki. Na ji wannan da kunnena, ba zan yi maka ƙage ba. Amma sau ɗaya ka faɗa, shi kuwa mai gabatarwa ya yi ta kabbara yana cewa ashe waraka na bayan gidajenmu. Umma tana kwance a tabarma ta tashi zaune. Ta ce, "Wannan ai baƙona ne." Washegari ta sa aka jiƙa mata sassaƙe a tukunyar ƙasa. Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce.

Na tambayi malamarmu ta Bayoloji. Ta zaunar da ni ta yi min bayani a hankali. Ta ce abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin faranti na gilashi ba lallai ya yi haka a jikin mutum ba. Sai an gwada a ɓeraye, sannan a mutane kaɗan, a gano yawan da za a sha da illar da yake yi wa hanta da ƙoda, kuma yawancin irin waɗannan ba sa kaiwa ƙarshe. Na gane sarai. Na rubuta a bayan littafina don kada in manta.

Na uku, abin da ya sa ni ban iya gyara wannan da kaina ba. Ranka ya daɗe, ni 'yar fari ce. Ka san yadda abin yake a wurinmu. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so in miƙo mata ruwa, sai ta ce da bango, "Wai babu kowa ne a gidan?" In na zauna kusa da ita, sai ta kau da kai. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ta taso. Ranar da na yi ƙarfin hali na fara maimaita mata bayanin malamarmu, ban kai rabi ba ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya ta ce da ƙanwarta, ina ji, "Gaya wa waccan, mutumin da ya ci abincina ba zai cuce ni ba." Baba ya yi mata magana, ta ce shi malamin allo ne, kai kuwa malamin magani. Baba ba mai tilastawa ba ne. Yanzu rubutu kawai yake mata, yana addu'a.

Ni nake wanke mata wurin, domin ciwo ya fi ƙarfin kunya ta wannan fannin. Tana kallon rufin ɗaki, ni ina kallon aikina. Wurin ya fashe yanzu. Akwai wani sabon ƙulli a hammata, kuma hannun ya kumbura har awarwaronta ya ƙi fita, sai da aka yanke shi. Ina faɗa ne kawai don ka san inda ake. Ba na kuka in ina yi. Ina gamawa in wanke hannu in ɗora tukunya, in da makaranta in tafi. Ban san ko hakan daidai ba ne.

Ba ita kaɗai ba ce. Mutane na zuwa daga Aujara da wasu garuruwan da ban sani ba, da gatari da buhu. Sun kware marken ta ko'ina har ya bushe daga sama.

Ba na cewa ku daina bincikenku. Ina fata ya yi nasara, ko don wasu. Abin da nake roƙo shi ne ka koma gidan rediyon nan, ka faɗa da Hausa, ka maimaita, cewa abin da kuka gani a faranti kuka gani, ba a jikin mutum ba, kuma duk mai karɓar maganin asibiti kada ya bari. In kuma Allah ya ba ka iko, ka zo da kanka. Hanyar ta yi kyau yanzu, ruwa ya janye. Ba sai ka daɗe ba. Ka tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta ka ce, "Hajiya, ki koma asibiti." Za ta koma. Na san ta, duk da ba ma hira. Likitan ya gaya wa Baba cewa ko yanzu akwai abin da za a iya yi, amma ba zai ce haka ba in aka ƙara jinkiri.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a aikinka, ya jiƙan mahaifiyarka, ya tsare iyalinka daga wannan ciwo. In na yi rashin ladabi a wani wuri, a yafe min, ban saba ba.

Ina kuma neman izininka in sake rubuto maka, in sanar da kai ko ta koma, ko kuma abin da Allah ya yi.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u, daga ƙasar Buji.