Kada Ki Bar Sale Ya Shiga Sojan Ruwa

Ƙanwata Rabi,

Kafin gaisuwa ma ki ji gargaɗina: kada ki bar ɗanki Sale ya shiga sojan ruwa. Bayan haka ina gaishe ki. Ya jikin Malam, ya yara, ya zafin Madina?

Allah ya yi wa ɗana Haruna rasuwa. Lokacin da aka turo wasu jiragen rundunar sojan ruwa da yake aiki a cikinta daga Dammam zuwa nan Jidda, babu wanda ya kai ni murna a unguwarmu ta Ruwais, don an dawo mini da shi kusa. Na zaci manyan jirage ne irin na alhazai. Ashe 'yan ƙanana ne na sintiri, waɗanda teku ke wasa da su. Makon jiya iska ta taso musu wajen gaɓar Abhur, Haruna ya faɗa ruwa. Abokan aikinsa sun neme shi har suka gaji. Babbansu ya zo da kansa, ya ce, "Hajiya, halas, shi ke nan, sai haƙuri." Sallar ga'ib aka yi masa. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za a nuna wa 'yarsa.

Kwalliyar fararen kayan nan na sojan ruwa ce ta ruɗe ni, ita ce kuma ke ruɗin Sale. In kika biye masa, ke za ki yi kukan.

Ku yi wa Haruna addu'a a Masallacin Annabi, ki gai da kowa. Jiya matarsa ta soya kifi, na kalli farantin na kasa kai hannu. Na kafa doka: muddin ina raye, kifin tekun nan ba zai ƙara shiga gidana ba.

Yayarki,
Hauwa